Kafin ka ajiye aiki, duba takardar aurenku

Wani ɗan Maradi mai aikin gini a birnin Liyon na Faransa ya rubuto mana. Shekarunsa 63, gwiwa ta fara gajiya, yana son ya ajiye aiki ya koma gida wurin uwargida da yara. Yana tambaya: in ya fara karɓar fansho yanzu, sannan ta Allah ta kasance, me za ta samu?

Alhaji, Allah ya ja kwana. Rabon uwargida daga naka ake yankar shi. A asusun fansho na gama-gari na Faransa, matar mamaci tana samun kashi 54 cikin ɗari na fanshon mijinta, muddin ta kai shekara 55 kuma abin da ke shigo mata bai wuce iyakar da aka sa ba. A asusun ƙari na Agirc-Arrco kashi 60 ne, amma yana tsayawa in ta sake aure. To, in ka yi gaggawar fita alhali watannin zubinka ba su cika ba, za a rage maka har ƙarshen rai, kuma a asusun gama-gari ragin zai bi ta. Wanda ya kai 67 ba a yi masa wannan ragin. Ka nemi takardar lissafin shekarun aikinka, ka ƙirga abin da ya saura. In 'yan watanni ne, ka daure.

Abin da ya fi damuna kuwa auren ne. Yawancinmu a ƙofar gida aka ɗaura mana, liman ya yi fatiha, aka raba goro da dabino, shi ke nan. Bature ba ya biyan kuɗi da shaidar goro. Na ga gwauruwar da ta yi ta zarya da hoton biki cikin leda, babu takarda ko ɗaya. Ka sa a tabbatar da aurenku a ofishin magajin garin Maradi, ko a kotu in lokacin rajista ya wuce, kuma rubutun sunanta ya zo daidai da na takardar haihuwarta, harafi da harafi.

Ka kuma gaya mata tun yanzu cewa kuɗin ba ya zuwa da kansa, sai an nema. In ta nema cikin wata 12 da rasuwa, za a biya ta tun daga watan da ya biyo baya. Kai ma in ka dawo gida, duk shekara sai ka aika da takardar shaidar kana raye, in ba haka ba su rufe famfo.