Tambaya da Amsa: Wai mece ce wannan sorority ɗin?

Tambaya: Anti salam, dan Allah ina yawan ganin ana cewa wance 'yar jarida a Amurka 'yar sorority ce, to wai ƙungiyar asiri ce ko me? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. A'a, ƙungiya ce ta 'yan mata a jami'o'in Amurka, sunayensu da haruffan Girka, kuma in kin shiga kin shiga kenan, har bayan gama makaranta ana zumunci ana jan juna a wajen aiki, duk da dai suna da 'yan al'adunsu da ba sa faɗa wa bare. Katie Couric, wadda a 2006 ta fara gabatar da labaran yamma na gidan talabijin ɗin CBS ita kaɗai, 'yar Delta Delta Delta ce tun tana Jami'ar Virginia. Jane Pauley kuma, ita ma 'yar jaridar talabijin, 'yar Kappa Kappa Gamma ce.

Amma ni wadda ta fi burge ni Charlayne Hunter-Gault ce ta Delta Sigma Theta, ƙungiyar da mata baƙar fata suka kafa a Jami'ar Howard a 1913. Tana cikin baƙaƙe biyu na farko da suka shiga Jami'ar Georgia a 1961 ana ta tarzoma a kansu, daga baya har ta shugabanci ofishin CNN a Johannesburg.