Wa ya auna iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kawo ne a nan Kaduna, amma dangin mahaifiyata suna Maraɗi. Duk sanda na tsallaka ta Jibiya sai in ce, wai wa ya auna wannan iyaka, kuma da me, tun babu na'urorin zamani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sojoji ne, amma masu ilimin awon ƙasa. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ta tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi, suka kafa alamu 148.

Sai dai su awo kawai suka yi, a kan tebur aka ja layin a Turai. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta kewaye Sakkwato da wani baka mai nisan mil 100 daga birnin. Da Faransawa suka zo wucewa Damagaram sai suka tarar hanyar da aka bar musu ba ruwa, daga yashi sai ƙaya. Wannan ya sa aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Rijiya aka duba, ba a duba zumunci ba, abin da ke ci mini rai ke nan. Ga shi har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. Da rana a kafa na'urar awo mai ƙafa uku, a ja sarƙa, a rubuta kowace rijiya da kowane ƙauye. Da dare mutum ya manna ido a madubin hangen nesa yana jiran tauraro ya gitta, wani na riƙe da agogo da fitila. Da agogon ne ake sanin nisan gabas da yamma, kuma kuskuren daƙiƙa 4 kacal zai kautar da kai kusan kilomita 2. Gonaki nawa ke nan? Ni da na koyi safiyo, wato aikin awon ƙasa, a nan Kaduna na ja sarƙa cikin zafin bazara, ƙarfen har ƙona tafin hannu yake yi, balle su da suka yi wata da watanni a daji, 'yan dako na ɗauke da kaya, masu jagora na nuna inda ruwa yake.

Yau Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa ce ke bin sawun alamun nan tare da takwarorinta na Nijar.