Jini ya taɓa shafin, in sake kwafe shi kafin a kai kotu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dokta. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Garwa. Wata huɗu da suka wuce ina aikin dare aka kawo wani saurayi a kan babur, an soke shi da wuƙa a ciki. Mu biyu ne kawai, ga shi an ɗauke wuta. Mun yi iya yinmu, amma ya cika kafin asuba. Sai da komai ya lafa na zauna na cike takardarsa. Wuri biyu na soke lokaci na gyara, jini kuma ya taɓa shafin. Yanzu sammaci ya zo, za a kai takardun kotu. Majonmu, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashenmu, ya ce in sake kwafe shafin tsaf kada a kunyata asibiti. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan yaron, ke kuma ki kwantar da hankalinki. Sammacin shaida aka aiko miki, ba ke ake tuhuma ba. Shafin nan dai kada ki taɓa shi, ko ɗigo kada ki ƙara masa.

Ga abin da kotu ke nema a cikinsa. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru, wadda aka sabunta a 2016, ta raba kisan kai na sashe na 275, mai ɗaurin rai da rai, da raunin da ya zo da ajali ba da niyyar kisa ba, wato sashe na 278, mai ɗaurin shekara 6 zuwa 20. Inda raunin yake, zurfinsa, guda nawa ne, suna cikin abin da alƙali ke auna niyya da su. Lauyan wanda ake tuhuma kuwa hanyarsa sananniya ce: zai so ya nuna cewa wuƙar ba ta isa kisa ba, jinkirin asibiti ne ya ƙarasa yaron. Lokutan da kika rubuta, lokacin shigowa, lokacin sa ruwa, lokacin da aka kira likitan tiyata, su ne za su amsa masa.

To, mu zo kan shawarar majo, don ita ce na gaji da ji. Daga Marwa har Ngaundere, duk inda na yi aiki sai na tarar da wannan camfi, wai takarda mai tsafta ta fi ƙarfi a gaban alƙali. Wa ya faɗa? Alƙalai ba yara ba ne. Sun san wanda hannunsa ke danne da jijiya tana tsartuwa, fitilar waya a bakinsa, ba ya rubutu irin na ɗan makaranta ranar jarrabawa. Shafi mai ɗigon jini, rubutu ya karkace, biro ya canza launi a tsakiya, shi ne ya yi kama da daren da aka yi. Wanda ake zargi shi ne wanda ya fito sumul, hannu ɗaya, tawada ɗaya, daga sha ɗayan dare har asuba.

Na taɓa zama a kotu ina jiran a kira ni, ana yi wa wani abokin aiki tambayoyi kan irin wannan shafi da aka kwafe. Lauyan bai ko ɗaga murya ba. Rajistar ɗakin ajiyar jini kawai ya jawo, ya ajiye kusa da shafin. Shafin ya ce an ɗaura jini ƙarfe 1:15, rajistar ta ce ledar jinin mai wannan lamba ta fita ƙarfe 1:40. Ya ce, malam, yaya aka yi kuka ɗaura jinin da bai fito daga firij ba? Bawan Allah nan bai yi wa mara lafiya sakaci ba, na san shi, na san aikinsa. Wajen kwafewa ne ya "daidaita" lokuta don su yi kyau. Daga wannan tambaya duk abin da ya faɗa a ranar ya zama abin shakka, har da gaskiyar. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Abin da masu ba da wannan shawara ke mantawa shi ne, daren gaggawa ba a takarda ɗaya yake barin sawu ba. Akwai rajistar shigowa, akwai rasit na kantin magani da 'yan'uwa suka biya, akwai sakamakon gwaji, akwai karne, wato littafin asibiti na mara lafiya, da tuni yake gida a hannun danginsa, akwai kiran da kika yi wa likita wanda ke nan a wayarki da tasa. Kina iya kwafe shafi ɗaya. Ba ki iya bin waɗannan duka ki gyara. Ranar da suka saɓa kuwa, majo ba zai ce shi ya sa ki ba. Rubutun naki ne, sa hannun naki ne, kuma dokar ta tanadi hukunci kan ɓatar da hujja da ƙirƙirarta. Kin shiga da sammacin shaida, kya fito da takardar tuhuma. Ban ma taɓo lahira ba, kin san inda addini ya ajiye shaidar zur cikin manyan zunubai, ga kuma ran mutum a tsakiya, ga wani a tsare yana jiran hukunci.

Ɗan'uwan wannan camfi shi ne ƙarin kwanaki a takardar likita ta kotu, wato kwanakin da rauni zai kwantar da mutum ko ya hana shi aiki. Sai kawun wanda aka ji wa rauni ya zo yana raɗa, a sa kwana 35 mana. Ya san abin da ya haura kwana 8 har zuwa 30 sashe na 281 ne, abin da ya haura 30 kuma na 280, mai ɗaurin har shekara 5. Sashe na 259 ya ambaci likita da mai jinya da ungozoma ƙarara a kan takardar ƙarya, in da cin hanci a ciki hukuncin ya ƙaru.

Sokewar da kika yi fa? In layi ɗaya kika ja, na ƙasa yana karantuwa, ba ki da matsala. Tipeks, wato farin ruwan shafe rubutu, da yage shafi su ne masifa. Rubutu bayan an gama aiki ma ba laifi ba ne, ceton rai ke gaba da biro. Abin da ya kamata shi ne a sa lokaci biyu, lokacin da abin ya faru da lokacin da aka rubuta. In ba ki yi haka ba a daren, ki faɗa da bakinki a kotu. In kin tuna wani abu yanzu, ki rubuta a sabuwar takarda da kwanan watan yau, ki sa hannu.

Da shugabannin asibitocinmu za su sa agogo ɗaya mai aiki a bangon sashen gaggawa, su daina barin rajista ta ƙare ana rubutu a bayan kwalin magani, da sun yi wa sunan asibiti hidimar da ta fi kwafe shafi. In kin yi rubutu a irin wannan kwali ko a filasta a daren, ki nemo shi ki maƙala a fayil.

Takardun kuma ba a miƙa su ga duk wanda ya zo da kaki. Sirrin aiki na sashe na 310 yana kanki. Sai da rubutaccen umarni daga mai gabatar da ƙara, ko alƙalin bincike, ko jami'in da ke binciken, ta hannun shugaban asibiti, a ƙirga shafuka, mai karɓa ya sa hannu. Ranar zaman, ki faɗi abin da idonki ya gani. Abin da yaron ya faɗa miki ki ce "ya ce". Abin da kika manta ki ce kin manta. Majo kuwa, in ya sake matsa miki, ki roƙe shi cikin ladabi ya ba ki umarnin a rubuce.