Fayil ɗin Mama na shekara goma, ko yana nan?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya. Kin tambaya ko asibiti na ajiye da fayil ɗin tiyatar da aka yi mata shekara goma da suka wuce.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci su adana bayanan majinyaci, su kuma rufa masa asiri. A Ingila har an ƙayyade lokaci: shekara 8 bayan zuwan ƙarshe ga babba, 25 ga bayanan haihuwa, na yaro kuma sai ya cika shekara 25.

Amma a nan Kaduna, lambar kati ce ke ceton mutum. Na taɓa raka yayata wani asibiti, ɗakin kati cike da fayil har rufi, ƙurar hunturu ta lulluɓe su. Da muka miƙa ɗan tsohon katinta mai ruwan ɗorawa, ba a daɗe ba aka zaro mata. Don Allah ki fara laluben katin asibitin Mama, ko a ƙasan akwatinta yake.

Ku je tare da Mama, don ba za su ba ki ba sai da izininta. Ki roƙi likita ya rubuta taƙaitaccen rahoto, ki ɗauki hotonsa a waya.