Tambaya da Amsa: Wai masu leƙen duwatsun sama canki-canka suke yi?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a farkon 2025 an yi ta yayata wai wani dutse daga sararin samaniya zai faɗo wa duniya a 2032, har hankalina ya tashi wallahi, kwatsam kuma sai aka ce a'a ba zai faɗo ba. Wai masanan nan canki-canka suke yi ne ko yaya? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Dutsen da kike magana shi ne 2024 YR4, kuma ba canka ake yi ba, bari kiji yadda aikin yake.

Akwai manyan na'urorin hangen nesa da ba su da aiki sai sintiri a sama duk dare, irin su Catalina a Arizona da Pan-STARRS a Hawai, da ATLAS wadda reshenta na ƙasar Chile ya gano wannan dutsen ranar 27 ga Disamba 2024. Sukan ɗauki hoton wuri ɗaya kamar sau huɗu da 'yan mintuna a tsakani, taurari suna nan inda suke, to duk ɗigon da ya gusa kwamfuta za ta cafke shi. Amma ɗigo huɗu ai ba hanya ba ce. Sai a tura ma'aunin zuwa cibiyar Minor Planet Center a Amurka, mai tattara bayanan irin waɗannan duwatsun, su sa shi a jerin masu jiran tabbaci, nan fa masu na'urori a ko'ina har da waɗanda sha'awa kawai ta sa suke yi su bi shi da sauri kafin ya dusashe, don in aka yi sake ya ɓace kenan, wani sai bayan shekaru.

Maganar hawa da saukar lissafi kuwa, da farko abin da aka sani kawai shi ne zai ratsa ta wani makeken fili, duniyarmu kuma 'yar mitsitsiya ce a cikinsa. Kowane sabon hoto yana tsuke filin, in dai duniya tana ciki kasonta ƙaruwa zai yi, shi ya sa a Fabrairu 2025 yiwuwar ya faɗo mata ta kai kashi 3.1 cikin 100, da filin ya ƙara tsukewa sai ya bar duniya a waje, lissafi ya faɗi kusan sifili. Haka aka yi da wani dutsen mai suna Apophis a 2004, yanzu an san wucewa kawai zai yi ranar 13 ga Afrilu 2029, kusan kilomita 32,000 daga doron ƙasa.

Ni fa wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne wanda ba a gani ba sam. Na Chelyabinsk a Rasha a 2013 bai wuce mita 20 ba, ta ɓangaren rana ya bullo inda na'urorin nan ba sa iya kallo, ya fashe a sama, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, yawanci gilashin taga ne ya yanke su.