Kun Tambaya, Mun Amsa: Wace manhajar mainin ce ta fi dacewa da katin girafik?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan satin kusan duk saƙonnin da suka shigo akan mainin ɗin kirifto ne, wato haƙar kuɗin intanet da ƙarfin lissafin kwamfuta, shi yasa na ware guda huɗu da suka fi kama da na sauran mutane, wanda bai ga tashi ba ya duba da kyau, inaga zai tsinci amsarsa a ciki.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, yayana ne ya rufe shagon gem ɗinsa ya bar min katin girafik RX 580 masu 8GB guda shida da mazabod da fawa saflai biyu, na haɗa su akan firem ɗin katako. Toh yanzu kowa da abinda yake gaya min, wani yace PhoenixMiner wani yace lolMiner wani kuma yace TeamRedMiner, wallahi kaina ya ɗaure. Dan Allah wacce tafi kawo kuɗi?

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena, Allah ya saka wa yayanka da alheri. Zan baka amsar manhajar, amma ka fara sanin cewa tazarar dake tsakanin waɗannan ukun akan kati iri ɗaya bata cika wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba, abinda zai yanke maka hukunci kuɗin wuta ne da kuma kwandalar da zaka haƙa.

Duk shawarwarin da abokanka ke baka na zamanin Ethereum ne, lokacin da RX 580 ɗaya in an gyara mata saitin memori take bada wajen 30 MH/s, wato ma'aunin saurin haƙa, kuma mutum ya ga riba a hannu. Wancan zamanin ya ƙare ranar 15 ga Satumba 2022, ranar da Ethereum ta daina dogaro da haƙa gaba ɗaya ta koma tsarin ajiye kwandala a matsayin jingina. Katunan da ke kanta a duk duniya suka kwararo kan ƙananan kwandaloli irinsu Ethereum Classic da Ravencoin da Ergo da Flux, masu rabon suka yi yawa, tuwon kuma bai ƙaru ba. Ita Ethereum Classic ma yanzu akwai injinan ASIC a kanta waɗanda aka ƙera don wannan aikin kawai, Antminer E9 Pro guda ɗaya tana bada 3,680 MH/s da wat 2,200, kaga aikin RX 580 sama da 120 kenan a akwati ɗaya. Da irin waɗannan zakayi gogayya.

PhoenixMiner ka cire ta a lissafi. Tayi tashe sosai bayan wata tsohuwar manhaja mai suna Claymore ta daina aiki a ƙarshen 2020, la'adar da mai ita ke ɗauka kuma ƙarama ce, 0.65 cikin ɗari, amma dangin Ethash, wato tsarin lissafin da ake haƙar Ethereum da shi a da, ta fi iyawa kuma tun 2022 ba'a sake sabunta ta ba, sannan jabunta sun cika intanet. TeamRedMiner ita don katin AMD kaɗai aka rubuta ta, kuma akan irin naka, wato RX 470 zuwa 580 da Vega, ni dai ban ga wacce ta kaita natsuwa ba, zata kwana ta wuni tana aiki ba tare da ta ƙame ba. La'adarta akan Ethash da katunan RX 470 zuwa 580 0.75 ce cikin ɗari, akan KawPow na Ravencoin kuma kashi 2. lolMiner tana ɗaukar AMD da Nvidia duka, la'adarta 0.7 akan Etchash na Ethereum Classic, kuma mai ita bai daina ƙara sababbin kwandaloli ba bayan rufewar Ethereum, wannan babban abu ne a yanzu da mutum ke tsalle daga wannan kwandala zuwa waccan. SRBMiner-Multi ma tana da kyau a AMD, ka riƙe sunanta.

Ita la'adar nan ba daga walet ɗinka, wato asusun ajiyar kwandalarka, ake cira ba, manhajar ce ke juyawa ta haƙa wa mai ita na ɗan lokaci sannan ta dawo kanka, kashi 1 cikin ɗari shine daƙiƙa 36 a kowace awa.

In kana son ka gwada da kanka, kar ka yarda da lambar da manhaja ke nuna maka a baƙin allon nan, kowacce tana yabon kanta. Ka bar ɗaya tayi awa 24 akan pul ɗaya, pul shine inda mahaƙa ke haɗa ƙarfi kamar aikin gayya a raba lada gwargwadon aikin kowa, gobe ka sa ɗayar tayi awa 24 da saiti iri ɗaya, sai ka duba shafin pul ɗin kaga shiya, wato guntun aikin da katinka ya miƙa, nawa aka karɓa, nawa aka ƙi, nawa suka iso a makare. Network ɗinka in yana yanka, waɗanda ke makara zasu yi yawa ko da wacce manhaja kake.

Yanzu zo muyi lissafin da nafi damuwa dashi. Kati shida da mazabod da fankoki, in ka auna daga jikin soket da mitar wat, zaka ga wajen wat 900, kuma dole daga soket zaka auna domin abinda manhaja ke nunawa akan RX 580 bai haɗa da duk wutar da katin ke sha ba. Wat 900 sau awa 24 ya kama yunit 21.6 a rana. A watan Afrilu 2024 aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit, daga baya an ɗan sauko amma bai sauka ƙasa da 200 ba. Ko da 200 ɗin ka buga, naira 4,320 kenan a rana, 129,600 a wata. Ka shiga shafin lissafin ribar haƙa mai suna WhatToMine ka zaɓi RX 580 guda shida ka sa kuɗin wutarka da dala ka gani da idonka, a mafi yawan ranaku tun bayan 2022 abinda waɗannan katunan ke haƙowa baya biyan wutar da suka sha a irin wannan farashin. Janareta kuwa kar ma ka fara, tunda aka cire tallafin mai a 2023 wannan ƙona kuɗi ne tsagwaronsa. In kuma a ɗakin makaranta ko gidan haya mai mita ɗaya kake shirin jonawa, ka sani haƙƙin mutane zaka ci, ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan.

Inda abin zai iya yin ma'ana shine in gidanku akwai sola mai rarar wuta da rana bayan batir ya cika. A nan zan ce ka sa HiveOS, tsarin kwamfuta na mahaƙa, a filashi ko ƙaramin SSD maimakon Windows, duk manhajojin nan suna cikinta, daga wayarka zaka canza ɗaya zuwa ɗaya, kuma in kati ya ƙame tana sake tada injin da kanta. Ka shiga BIOS ka saita mazabod ta kunna kanta duk sanda wuta ta dawo. Ka fara da Ergo akan TeamRedMiner ko lolMiner saboda bata dafa kati kamar Ravencoin, KawPow cin wuta gareta da zafi, a bazarar Zariya kuwa ba sai na gaya maka ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka bawa raiza, wato ɗan allon da ke haɗa kati da mazabod, wuta ta wayar SATA. Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon farawa ta, da asuba na shiga ɗakin naji ƙaurin roba, na haska tocila naga bakin wayar yayi baƙi ya narke ya manne da raizar, firem ɗin kuma na katako ne irin naka, Allah ne kawai ya tsare. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, kati kuma yana iya jan har 75 ta wajen. Ka nemi raiza mai fin shida. Da hunturu kuma duk sati biyu ka kashe ka hure ƙurar da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da ƙima.

TAMBAYA: Yallaɓai ina wuni. Ni mai zanen gine-gine ce a Kano, ina da kwamfutar tebur mai RTX 3060 Ti da nake aiki da ita, da dare zaman banza take. An ce min NiceHash tana biya da Bitcoin, wasu kuma sunce T-Rex tafi. Kuma wai katina LHR ne an rage masa ƙarfi, gaskiya ne?

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya taimaka. Maganar LHR ki kwantar da hankalinki, tsohon zance ne. Nvidia ta sa wannan takunkumin a 2021 don ta rage wa katunan ƙarfin haƙar Ethereum kusan rabi saboda mahaƙa sun hana 'yan gem samun kati, a watan Mayu 2022 masu manhajoji suka ɓalle shi gaba ɗaya, a Oktoba 2022 ita kanta Nvidia ta cire shi a direbanta.

NiceHash da T-Rex ba abu ɗaya bane. T-Rex manhajar haƙa ce ta katin Nvidia, ke zaki zaɓi kwandala da pul da walet, tayi suna sosai a lokacinta amma tun ƙarshen 2022 masu ita sukayi shiru, yau in Nvidia ce dake Rigel ko lolMiner ko GMiner ko BzMiner zaki duba. NiceHash kuma kasuwa ce, a Sulobeniya aka kafa ta a 2014, ke kina bada hayar ƙarfin katinki, wani can yana saya ya haƙi abinda yake so, ke kuma a biya ki da Bitcoin. Wato katinki ba Bitcoin yake haƙa ba, ita wannan ta fi ƙarfin katin girafik tun wajen 2013. Sauƙinta shine dannawa ɗaya ne, ba ruwanki da rubuta umarni. Kuɗinki kuma a hannunsu yake zaune har ki cire, kuma a Disamba 2017 an taɓa yi musu kutse aka kwashe Bitcoin wajen 4,700, sun biya mutane daga baya amma sai da aka ɗauki shekara uku. Duk wanda zai yi amfani da irin wannan dandali ya riƙa kwashe nasa akai-akai.

Amma ni shawarata gareki daban ce. Wannan kwamfutar ita ce jarinki, da ita kike fitar da zanen da ake biyanki. Kati ɗaya abinda zai tara a dare bai taka kara ya karya ba, ga fanka na ta juyi har asuba, ga wuta da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi. Ranar da katin ya mutu ana jiran aiki a wajenki, abinda kika tara a shekara bazai sayi wani ba. Ki barta ta huta da dare.

TAMBAYA: Oga ni a waya nake mainin tun lokacin Notcoin, wacce daga cikin manhajojin nan zata hau Android? Daga wani ɗan baiwa a Gusau.

AMSA: Babu ko ɗaya abokina. Abinda muke kira mainin a waya, Notcoin da ta fashe a Mayu 2024 da Hamster Kombat da Pi, wayarka ba wani lissafi take warwarewa ba, maki ake rubuta maka saboda ka danna ko ka gayyato mutane, daga baya masu abin su raba kwandala yadda suka tsara. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Duk manhajar da tace zata haƙa maka Bitcoin a waya in ka fara saka kuɗi, ka goge ta.

TAMBAYA: Malam na sauke wata manhajar haƙa da aka turo a wani guruf na Telegram, ance an cire mata la'ada kyauta ce. Antibairos ɗina ya hana ta buɗewa, admin yace in kashe shi haka duk suke. In kashe? Daga Maraɗi.

AMSA: Kar ka kashe ɗan'uwa, kuma kar ka buɗe fayil ɗin. Admin ɗin ya faɗi rabin gaskiya ne, kuma da wannan rabin ake cutar mutane. Eh, antibairos yana yawan kama manhajojin haƙa har da na gaskiya, dalili kuwa ɓarayi na cusa su a kwamfutocin mutane a ɓoye suna haƙa da wutar wasu. To amma wanda ya zauna ya fasa manhajar wani ya cire la'adar kashi ɗaya ya raba kyauta a guruf, me zai ci? Irin waɗannan fayilolin ne ake ɗura wa ƙwayar da ke sauya adireshin walet, ka kwafi naka ka liƙa sai na wani ya fito, farkonsa da ƙarshensa kaɗai zaka kalla kace daidai ne, wasu kuma kalmomin sirrin burauza suke kwashewa. Kana ƙoƙarin tsira da daƙiƙa 36 a awa, a tafi da duk abinda ke walet ɗin.

lolMiner da TeamRedMiner da GMiner duk a shafinsu na GitHub suke sakin sabon zubi, daga can kaɗai zaka ɗauka, ka duba sunan mai shafin harafi bayan harafi domin ana buɗe na bogi masu kama da su, kuma kar ka danna tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike. In akwai lambar tantance fayil ta SHA256 da suka rubuta a gefen fayil ɗin ka gwada ta da ta wanda ka sauke, in harafi ɗaya ya bambanta ka goge. In la'adar ce ke damunka akwai waɗanda rubutun da aka gina su da shi a buɗe yake kowa na iya dubawa, XMRig ta haƙar Monero da furosesa tana cikinsu. Sannan haƙa adireshin karɓa kaɗai take buƙata, ba manhajar gaskiya da zata tambaye ka kalmomin sirri 12 na walet ɗinka.

In har ka riga ka danna fayil ɗin ko sau ɗaya kafin ka turo wannan saƙon, ka cire kwamfutar daga intanet yanzu, ka ɗauki wata na'urar daban ka buɗe sabon walet ka mayar da kuɗinka can, ka canza kalmar sirrin imel da ta manhajar banki, sannan ka kai kwamfutar a goge ta a sake zuba mata Windows daga farko.