Malamin Firamare da Darasin Kiwon Lafiya: Abin da Na Gani

Malama, kin tambaya ko malaman firamare suna da shirin koyar da kiwon lafiya, ko kuwa gara a bar wa ma'aikatan asibiti wannan aiki. Na shafe shekara 24 ina riƙe da alli, takwas daga ciki ina shugabancin makaranta, kuma abin da na lura shi ne malamai sun san abin da ke cikin littafi, amma kaɗan ne aka taɓa sa su gwada shi da hannunsu.

Ba na mantawa da wata malama mai ƙwazo da ta koyar da taimakon gaggawa a aji biyar, yara suka haddace darasin tsaf. Mako bai zagayo ba wani yaro ya yi haɓo a gabanta, sai ta ɗaga masa kai sama, jinin yana gangarawa maƙogwaro, alhali abin da ya dace shi ne ya zauna ya ɗan sunkuyo gaba, a matse masa tattausan gefen hanci na minti 10. Ban ga laifinta ba, domin ni kaina na taɓa neman cokalin da zan cusa a bakin wata yarinya mai farfaɗiya, kafin daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta fahimtar da ni cewa ba a sa komai a baki, kwantar da ita ake yi a gefe guda, a kawar da abin da za ta buge, a nemi asibiti idan abin ya wuce minti 5. Haka ma ruwan gishiri da sukari: kowa yana iya rubuta lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, amma ranar da na kawo kayan haɗin cikin ofis na ce malamai su haɗa, wasu babban cokali suka ɗauka.

Ba duk giɓin ne yake wuyan malami ba. Tun a taron ilimi na Dakar a 2000, Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da ilimi (UNESCO) da yara (UNICEF) da Bankin Duniya suka haɗa darasin lafiya da samar da ruwa da makewayi a tsari guda, domin malamin da ke koyar da wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 a makarantar da ba ta da ko randa, yara ma sun san wasa yake yi. Babin balaga kuwa sau da yawa tsallake shi ake yi, saboda kunya da tsoron abin da iyaye za su ce. Mu dai sai da muka zauna da iyaye muka nuna musu abin da za a koyar, muka ware wa 'yan mata malama mace, sannan aka samu natsuwa.

Duk da haka ban goyi bayan a karɓe darasin daga hannun malamai ba. Ma'aikacin lafiya yakan zo sau ɗaya a zango ya tafi, malami kuwa shi ne ke ganin yaron da ya fara ƙanƙance ido idan yana kallon allo. Shawarata, Malama, ku gayyato ma'aikaciyar jinya a farkon kowane zango ta zauna da malamai, ba da ɗalibai ba, kowa ya ɗaure bandeji, ya auna ruwan gishiri da sukari a gabanta, ta gyara masa.